Neman Littattafan Yara Masu Kyau a Intanet: Tambayoyin Iyaye a Jos da Amsoshinsu

Na daɗe ina koyar da 'yan aji biyu da aji uku na firamare a nan Jos, kuma kowace Asabar da hantsi yaran layinmu kan taru a zauren gidanmu mu yi karatu. Yawancin littattafan da muke karantawa a intanet na samo su. Iyayen da ke zuwa ɗaukar yaransu sukan tsaya bakin ƙofa su yi mini tambayoyi, wasu kuma su turo ta waya da daddare. Da na ga tambayoyin kusan iri ɗaya ne, sai na tattara su wuri guda tare da amsoshin da nake bayarwa.

Malama, na rubuta "littattafan Hausa" a Google, abin da ya fito ya tayar mini da hankali. Ina na yi kuskure?

Ba ki yi kuskure ba, Maman yara, ƙofar da kika bi ce ba ta yara ba. Da yawa daga cikin littattafan Hausa da ke intanet yau labaran soyayya ne da na zaman aure, na manya, wasunsu ma babba mai kunya ba zai iya karanta su a gaban mutane ba. Google kuwa abin da jama'a suka fi nema yake fara kawowa. Saboda haka duk wanda ya rubuta kalmomin nan biyu kawai, can zai faɗa.

Abu na farko, kada a miƙa wa yaro waya a ce ya nemo wa kansa littafi. Babba ne zai nema, ya karanta, sannan ya ba shi. Na biyu, a faɗa wa Google ainihin abin da ake so: "tatsuniyoyin yara masu hotuna", ko "littafin koyon karatu aji ɗaya Hausa", ko "labarin Gizo da Ƙoƙi na yara". Idan aka sa kalmomi tsakanin alamun zance, zai nemo su a jere yadda aka rubuta su. Idan kuma aka fara da site: aka liƙa adireshin wani shafi, misali site:africanstorybook.org Hausa, to cikin wannan shafin kaɗai zai duba. A kunna SafeSearch a saitin Google ma, yana rage ƙazanta, ko da yake ya fi gane ta Turanci a kan ta Hausa, don haka kada a saki jiki da shi.

Ni dai yanzu da wuya in fara da Google. Kai tsaye nake zuwa rumbunan da aka gina musamman domin yara.

Waɗanne rumbuna ke nan?

Guda huɗu na fi shiga, kuma dukkansu kyauta ne, dukkansu akwai Hausa a ciki.

African Storybook shi ne na fi sabawa da shi. Wata cibiyar ilimi ta Afirka ta Kudu mai suna Saide ce ke tafiyar da shi, kuma labaransa daga ƙasashen Afirka suke fitowa, shi ya sa yaro zai ga kasuwa, da akuya, da kaka mai ɗaurin zane, abubuwan da ya sani. Ana zaɓar harshe, a zaɓi mataki, littattafai su jeru. Wasu suna ɗauke da alamar cewa ma'aikatan shafin sun duba su sun amince, wasu kuma jama'ar gari ne suka ɗora. A fara da masu alamar.

StoryWeaver na kamfanin Pratham Books ne na ƙasar Indiya, an buɗe shi a 2015. Zanensa ya fi na kowa kyau a ganina, kuma yana da littattafan kimiyya da lissafi cikin sigar labari, irin su me ya sa wata ke canza kama, ko yadda tururuwa ke gina gida. Sai Global Digital Library, wanda hukumar raya ƙasashe ta Norway ta ɗauki nauyinsa aka ƙaddamar a 2018, yana tattaro littattafai daga wurare daban-daban ya jera su bisa matakin karatu. Na huɗu Bloom Library na ƙungiyar SIL, masu aikin harsuna. Shi yana da amfani na musamman gare mu a Filato, domin ya fi kula da ƙananan harsuna. Maƙwabciyata Berom ce, mijinta Ngas, yaransu kuwa Hausa suke yi a gida, kuma a nan na ce ta riƙa rubuta sunan harshenta tana dubawa.

Ɗana yana aji uku. Wane mataki zan zaɓar masa?

Kada a bi aji, a bi abin da yaron ke iya karantawa. Ina da 'yan aji uku da ke karanta shafi guda ba gargada, ina da waɗanda har yanzu suna haɗa baƙi da wasali, kuma duk yara ne masu basira.

African Storybook ya kasa littattafansa mataki biyar, daga na kalmomin farko, zuwa jimloli, zuwa sakin layi gajere da dogo, har na biyar wanda babba ne ke karanta wa yaro. StoryWeaver kuma mataki ɗaya zuwa huɗu. Dabarar da malamai ke yi mai sauƙi ce: a buɗe shafi ɗaya a tsakiya, yaro ya karanta da ƙarfi, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwasa yatsa ɗaya. In ya gama shafin bai lanƙwasa ko ɗaya ba, littafin na shaƙatawa ne, a bar masa shi ya more. Biyu ko uku, daidai shi ne. In yatsun hannu biyar sun ƙare, a ajiye shi, ko kuma ku karanta masa da bakinku. Ina roƙon iyaye maza musamman, kada a ji kunyar komawa mataki na ɗaya da yaro ɗan shekara tara. Yaron da ya gama ƙaramin littafi shi kaɗai daga bango zuwa bango yakan taso da wata irin fara'a, kuma gobe shi zai ce a ba shi wani.

Ta yaya zan gane littafin yana da inganci, tunda kowa na iya ɗora abin da ya ga dama?

Wannan ce tambayar da na fi so a yi mini. Amsata ba ta canzawa: ku karanta shi da ƙarfi, ku kaɗai, kafin yaro ya gan shi. Littafin yara na mataki na biyu bai fi minti uku ba. Kunne yana kama abin da ido ya tsallake.

Da yawa daga cikin littattafan Hausa da ke waɗannan rumbuna fassara ce daga Turanci. Akwai waɗanda gwanaye suka fassara, kana karantawa kamar kakarka ce ke ba ka labari a tsakar gida. Akwai kuma waɗanda aka zuba wa na'ura, aka kwafo abin da ta fitar ba tare da wani Bahaushe ya duba ba. Alamominsu ba sa ɓuya. Za ka ga an ce da yarinya "ya tafi" a shafi na uku, a shafi na huɗu kuma "ta dawo". Za ka ga yaro yana kiran mahaifiyarsa da sunanta, ko yana ce wa dattijo "kai" gatsau ba gaisuwa. Za ka ga jimla wadda kowace kalma a cikinta Hausa ce, amma ba mai magana haka a unguwar Gangare ta nan Jos ko a Kano. Wata rana na sauke wani littafi mai kyawawan hotuna cikin gaggawa, ban karanta ba na kai zaure. Muna shafi na biyu wata yarinya 'yar shekara bakwai ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ai ba haka ake faɗa ba." Gaskiyarta. Tun daga ranar ban sake kai musu abin da ban fara karantawa a ɗakina ba.

Bayan harshe sai labarin kansa. Shin akwai abin da ke faruwa, wanda zai sa yaro ya matsu a juya shafi? Yawancin littattafan da manya ke yabo wa'azi ne aka sa masa riga: yaro ya yi ƙarya, ya sha wuya, ya tuba, shi ke nan. Tarbiyya muna sonta ƙwarai, amma ku duba tatsuniyoyinmu. Gizo yana yin wayonsa, ana dariya, ana jin tsoron Dodo, darasin kuma yana shiga ba tare da an tsaya an nuna shi da yatsa ba. Littafi mai kyau haka yake yi.

Sai hotuna. Su dace da rubutun da ke gefensu, domin mai koyon karatu da hoto yake taimakon kansa. A duba kuma yadda aka zana baƙar fata, da mata, da talaka, da mai naƙasa, da mutumin wani addini ko wata ƙabila. Mu da ke zaune a Jos mun san abin da raini tsakanin jama'a ke haifarwa, mun gani da idonmu, ba ma bukatar littafin da zai shuka wa yaro shi tun yana ɗan shekara biyar. A ƙarshe a duba shafin farko ko na baya: wa ya rubuta, wa ya zana, wa ya fassara? Littafin da ba sunan kowa a jikinsa, ba wanda ya ɗauki alhakinsa ke nan.

Na ga wani littafi an rubuta "ƴaƴa" maimakon "'ya'ya". Kuskure ne?

A'a. Rubutun Jamhuriyar Nijar ne ya fi amfani da ƴ, mu kuma a Najeriya mun saba da 'y. Za ku kuma ci karo da kalmomin da suka aro daga Faransanci, kamar lakwal a wurin makaranta. Hausa ce ingantacciya, sai dai ga mai fara koyo gara a tsaya kan rubutun da zai tarar a ajinsu.

Abin da yake kuskure shi ne littafin koyon karatu da ya zubar da ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ. Yaron da ke koyo dole ya bambance kafa da ƙafa, da bari da ɓari, da daidai da ɗaiɗai. In littafi ya rubuta su iri ɗaya, ku wuce shi. Wajen bincike kuwa a gwada duka biyun, da ƙugiya da babu, saboda masu ɗora littafi da yawa ba sa sa ta a take. Manhajar Gboard tana da allon rubutun Hausa, ana ƙara shi a saiti.

Makarantar 'yata da Turanci ake koyarwa. Ina zan sami na Turanci masu kyau?

Rumbunan nan huɗu duk suna da Turanci, kuma sau da yawa labari ɗaya yana nan cikin harsuna biyu. Ina son wannan ƙwarai: a karanta na Hausa yau, gobe a karanta na Turanci, yarinya ta riga ta san labarin, sai kalmomin su zauna mata da sauƙi. A ƙara da Book Dash, wata ƙungiyar sa-kai ta Afirka ta Kudu da ta fara a 2014, littattafanta na ƙananan yara suna da kyau sosai.

Ga waɗanda suka girma kaɗan, hanya mafi gajarta ita ce bin sawun gasa. Gasar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG, wadda aka fara a 2004, tana zagayawa tsakanin rubutun zube da waƙa da wasan kwaikwayo da adabin yara. An yi zagayen yara a 2007 da 2011 da 2015 da 2019 da 2024, kuma a 2015 alƙalai ba su ba kowa kyautar ba saboda sun ce ba wanda ya kai. Kada a tsaya kan wanda ya ci kaɗai, a nemo jerin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe, duk marubutan Najeriya ne. A Amurka akwai kyautar Children's Africana Book Awards tun 1991, wadda masana Afirka ke tantance littattafan yara da suka shafi nahiyarmu, su ware masu faɗar gaskiya daga masu nuna mu a matsayin daji da yunwa. Akwai kuma tsofaffin lambobin yabo na can, Newbery tun 1922 domin labari, Caldecott tun 1938 domin zane. Sai dai cin lamba a Amurka ba ya nufin littafi ya dace da gidanku. Shafin Common Sense Media yana faɗin shekarun da suka dace da littafi da abin da ke ciki na tashin hankali ko soyayya ko zagi, yana taimakawa, amma da ma'aunin al'adarsu suke awo. A Google Books kuma sau da yawa ana iya leƙa wasu shafuka kafin a saya. A gida Najeriya, a duba abin da Cassava Republic ta Abuja ke bugawa, tun 2006 suke aiki kuma suna da sashen yara.

Data ta yi tsada, wuta kuma sai an ga dama. Yaya za mu yi?

A sauke sau ɗaya, a karanta sau ɗari. African Storybook da Bloom suna da manhajojin waya da ke ajiye littafi a buɗe shi ba tare da intanet ba, kuma ɗan littafin hotuna bai kai cin datar bidiyon barkwancin da muke kallo kullum ba.

Amma ni na fi son takarda. Waya tana da kira da saƙo da wasanni, kuma wayar Baba ce, zai fita da ita. African Storybook yana ba da zaɓin saukewa domin bugawa, an riga an jera shafukan yadda in an buga gaba da baya aka ninke, sai ya zama ɗan littafi. Nakan tara guda goma a waya in kai shagon masu fotokwafi wajen titin Rwang Pam, a buga baƙi da fari, a danna masa ƙusar takarda a tsakiya. Yara su sa kala da kansu, su rubuta sunansu a bango. Iyaye huɗu ko biyar a layi ɗaya in kowa ya buga nasa daban, aka riƙa musaya duk Juma'a, an sami ɗakin karatu ke nan.

Ana turo littattafai a rukunin WhatsApp. Ya halatta in buga su?

Ya danganta da littafin. Yawancin na rumbunan da na ambata suna ɗauke da lasisin Creative Commons, wato masu su sun yarda a sauke, a buga, a raba, muddin an bar sunayensu a jiki. Za ku ga bayanin a shafin ƙarshe. Amma littafin da ake sayarwa a kanti, wani ya ɗauki hotonsa shafi-shafi ya watsa, wannan haƙƙin mutum ne aka ci, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta hana. Marubutan yara a ƙasar nan ba su da yawa, abin da suke samu kuma kaɗan ne. In muka cinye guminsu, gobe wa zai rubuta wa jikokinmu?

In zan saya ta intanet a aiko mini, ta yaya zan kauce wa na jabu?

A nemi lambar ISBN, mai lamba 13, wadda ke bayan littafi. Laburaren Ƙasa ne ke bayar da ita a Najeriya, kuma littafin da aka yi wa rajista a nan yakan fara da 978-978. A rubuta lambar a Google a ga ko sunan da ya fito ya yi daidai. Masu satar bugu suna kwafe lambar ma, don haka a ce wa mai sayarwa ya turo hoton shafuka biyu na ciki. Na jabu hotunansa sun dushe, takardar shara-shara har ana hango rubutun baya. Na taɓa biyan kuɗi aka ba direba saƙo daga wani gari, na je tasha na karɓa, na tarar shafuka takwas babu su a tsakiya. Yanzu sai na ga ciki nake biya, in da hali ma daga shafin kamfanin da ya buga nake saya.

Littattafan addini fa?

Nan kam a bi mawallafi sananne, kada a bi hoton bango. Ga Musulmi akwai Islamic Education Trust ta Minna, wadda Sheikh Ahmed Lemu da Hajiya Aisha Lemu suna cikin waɗanda suka kafa ta a 1969, akwai Kube a Ingila da Goodword a Indiya masu buga ƙissoshin annabawa domin yara. Ga 'yan'uwa Kirista, kantin Challenge na nan cikin gari ya daɗe, haka ma Bible Society ta Najeriya. Ko daga ina ya fito, a nuna wa malamin Islamiyya ko na makarantar Lahadi kafin a ba yaro.

Zan iya tambayar manhajojin nan masu ƙirƙirarriyar basira su zaɓar mini?

Za a iya, amma sukan ƙago sunan littafin da babu shi a duniya, su haɗa shi da sunan marubuci na gaske. Duk sunan da suka bayar a neme shi tukuna a WorldCat, shafin da ke jera littattafan laburaren duniya, ko a Google Books.

Littattafan da muka karanta muna yara, suna nan kuwa?

Suna nan, alhamdu lillahi. Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, juzu'i uku, ya fara fitowa a 1937, kuma kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya ci gaba da buga shi. Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya ma a neme shi da sunansa. Waɗannan a sayi na takarda a wajen masu littattafai. Hausarsu ta yi wa yaron Jos na yau nauyi, shi da ke cakuɗa ta da Turanci a kowace jimla, saboda haka ku ne za ku karanta masa da daddare, kuna tsayawa kuna fassara kalma. Wasu labaran akwai duka da kisa a ciki, a zaɓa gwargwadon shekaru.

Ga mai fara haɗa baƙi kuma, a tambayi malaman firamare na Bauchi, nan kusa da mu, labarin Mu Karanta, jerin littattafan aji ɗaya zuwa uku da aka yi amfani da su a makarantun jihohin Bauchi da Sakkwato. An tsara su harafi bayan harafi, yadda yaro ba zai haɗu da kalmar da ba a koya masa baƙaƙenta ba.

Na duba ko'ina ban sami labarin da ya yi kama da rayuwar yarana ba. Shi ke nan?

Nan ne muke da giɓi babba. Ban cika ganin littafin da yaro zai ga duwatsun Shere a ciki ba, ko sanyin Disamba da ake hura gawayi a ɗaki, ko kududdufan da haƙar kuza ta bari, ko dankalin Turawa da acca a kasuwar Farin Gada. StoryWeaver da African Storybook duk suna ba mutum dama ya buɗe asusu kyauta, ya ɗauki littafin da ke wani harshe ya fassara, ko ya zaɓi hotuna daga rumbunsu ya rubuta nasa. Bloom kuma manhaja ce da ake sa wa kwamfuta domin wannan aikin.

A zaurenmu mun gwada. Wata kaka ta ba mu tatsuniya, na ɗauki muryarta a waya da izininta, na rubuta ta cikin jimloli goma sha biyu, jimla ɗaya a kowane shafi, yara suka yi zanen da fensir mai kala. Kafin in buga na kai wa wani malamin Hausa ya gyara mini ƙa'idar rubutu, ya kama mini wurare uku da na haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Wanda yake son farawa, ya fara da fassara ɗan littafin mataki na ɗaya, ya karanta wa yaro ɗaya da ƙarfi, ya gyara duk inda yaron ya yi turus, sannan ya ɗora.